Sharar da Ta Hau Jirgi

Ni ne na yanke wayar. Gara in faɗa tun daga farko, don ko kun je garinmu abin da za a fara gaya muku ke nan, tun kafin a ba ku ruwan sha. Filayar mai gyaran keke na ara, na ce masa zan cire ƙusa a takalmina, alhali takalmin roba ne, ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa. Bai duba ƙafata ba. Saboda haka a ganina shi ma yana da nasa kason na laifi, ko da yake har yau ban samu wanda ya goyi bayana a kan wannan ba.

Garinmu ƙaramin ƙauyen Hausawa ne a kudancin Jazira ta Sudan, ba nisa da garin Hajj Abdalla. A bayan gari tur'a ta wuce, wato babban magudanar ruwan noma, kuma duk abin da muke ci daga ita ya sha. Ruwanta ba ya shiga gona yadda ya ga dama. Akwai wani bututu da aka binne a ƙarƙashin gaɓa, muna ce masa masura. Ta cikinsa ruwa ke bi ya faɗa ƙaramin rafin da ake kira abu ishirin, shi kuma ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya. Gafir, mai gadin ruwa, shi ke buɗe bakin masura idan layinmu ya zo, in kwanakinmu sun cika ya rufe ya buɗe wa na gaba. Hawasha, wato gonar da Babana ke nomawa, ta wani mai shago ce a birnin Madani, in an girbe su raba biyu, kuma ita ce ta ƙarshe a layinmu. Sai ruwa ya gaisa da kowa, ya tambayi lafiyar iyalinsu, kafin ya iso wurinmu a gajiye.

A waccan shekarar gyaɗa muka shuka. Ta yi kyau har Baba ya fara tafiya da hannu a baya kamar mai gonar. Damina ta kusa ɗaukewa, gyaɗar ta kafa 'ya'ya a ƙasa, abin da ya rage mata ta sha ruwa a kan lokaci ta yi ƙwaya.

Washegarin ruwan sama na ƙarshe wata lori ta baro kwalta ta biyo hanyar gefen tur'a, don wani dalili da direban kaɗai ya sani. Wanda bai san lakar Jazira ba ya ɗauka ƙasa ce. Ta kama tayoyin baya har gindi. Mazan gari suka fito, aka tura, aka yi salati, aka sake turawa, lorin nan sai ƙara zama take yi kamar baƙuwar da ta ji daɗin tabarma. Daga ƙarshe direba ya ce a rage kaya.

Diloli ne manya, kamar na auduga amma sun fi tauri, an naɗe su da tsohon buhu an ɗaure da waya. Na lura direban ba kowace dila yake cewa a sauke ba. Yana tsaye yana nunawa da sanda, wannan, da waccan ta ƙasa. Har sai da aka ɗaga wata aka ajiye gefe don a ciro wadda yake so, sannan aka mayar da ta farkon. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Huɗu aka mirgino ƙasa, lori ta fita, direba ya leƙo ta taga ya ce in sha Allah gobe ko jibi zai dawo.

Kafin su tashi na kama yaron motar. Ya girme ni kaɗan, laka har gira.

"Ya zol," na kira shi da Larabcin nan ƙasar, "me ke ciki?"

"Kayan waje," in ji shi. "Daga jirgi." Ya ɗare bayan mota.

Abin da ya faɗa ke nan, ba ƙari. Sauran ni na cika masa. Na ga rubutun Turawa yana leƙowa ta ɓarakar buhu, na ji an ce jirgi, na haɗa biyun, na kwasa a guje. Da na isa bakin gari kayan agaji ne. A ƙofar masallaci akwai madarar gari a ciki. Kafin in kai gidanmu an samu sukari, barguna, da wani abu mai tauri da nake zargin keke ne a ninke. Ban yi ƙarya da gangan ba. Ni ne na farko da na yarda da labarin.

Mata suka fito da daro da buhuna, wata har da jaki. Amma dattawa suka tare. Liman ya ce kayan mutum ne ya bari a hannun gari, amana ce, ko zinari ne a ciki ba mai taɓawa. Baba ya maimaita mini wannan a gida, yana kallona cikin ido, kamar wanda ya san ɗansa. Mata suka koma da darukansu wayam, kowacce in ta wuce ni sai ta harare ni, sai ka ce ni na shanye madarar.

Gobe ta zo, jibi ta wuce, gata ma haka, babu direba. Kakata kuwa, mahaifiyar Baba, wadda ke kirana maigidanta tun ina rarrafe, ta samu abin yi.

"Maigida, ina madarata? Ko ka kai ma wata?"

"Tana nan zuwa, Kaka."

"Yo ni haka nika ji tun ina budurwa. Miji ga baki kamar rediyo, ba ko shayi."

Haka kullum, safe da yamma. Yara suka laƙaba mini Mai Agaji. Na ga in ban yi wani abu ba mutuncina zai ƙare ƙurmus. Niyyata ƙarama ce: in buɗe 'yar kafa, in zaro gwangwanin madara ɗaya, in ɗaga shi a tsakiyar gari kowa ya gani, in mayar. Ko liman ba zai kira wannan cin amana ba, a fatawata.

Bayan azahar, lokacin da rana ke kwantar da kowa har karnuka, na je da filaya. Wayar farko ta yanke, dila ba ta ce komai ba. Ta biyu ta yanke, na ji wani ɗan nishi. Ban san cewa inji ne ya matse kayan nan ba, ya tara abin da zai cika ɗaki ya mai da shi dila guda, ban kuma san tun daga wata ƙasa take riƙe da numfashinta ba. Da na datse ta uku, sauran suka tsinke da kansu.

Na sha gaya wa mutane cewa an ji ƙarar a Madani, kuma na tashi sama har na hango minarar masallacin Hajj Abdalla. Gaskiyar ita ce na faɗi zaune a cikin laka, waya ta shaushe ni a goshi, dila kuma ta buɗe a hankali tana kumbura kamar ƙullin da ya kwana. Sai wari. Ba irin warin jujinmu ba ne, wanda na sani. Wannan tsami ne haɗe da turare, kamar an zuba nono a shagon aski an kulle wata guda.

Babu madara. Akwai dai robar da madara ta taɓa zama a ciki. Kwalaben sabulun wanke gashi a lanƙwashe, ledar biskit mai ƙyalli, farantan roba baƙaƙe marasa nauyi, murafu, kofuna, da leda, leda, leda, wata fara sol, wata mai hoton kare yana dariya. Duk abin da na ɗaga fanko ne. Wani ya riga ya cinye, ya shanye, ya shafe, ya aiko mana da kwanon.

Kafin la'asar gari ya hallara. Matan da suka harare ni suka dawo da darukansu, don ko ba komai a ga abin da ido. Da farko dariya aka yi, har da masu riƙe ciki. Daga nan aka shiga tsinta, don mu ba ma ganin roba mu wuce. Kwalba mai murfi ta yi man gyaɗa, mai faɗin baki ta yi gishiri. Wata maƙwabciyarmu ta miƙo mini wata doguwar kwalba ta ce, tunda ni ɗan makaranta ne, in karanta mata. Harshen ba Turancin da ake koya mana ba ne, wasu haruffan ma da ɗigo biyu a ka. Na gyara murya na ce an rubuta, a sha sau uku bayan abinci. Ta kai mini duka da kwalbar.

Amma abin da ya tsintu kaɗan ne. Yawanci a murƙushe suke, ko a yage, ko ba su da wani amfani da mutum zai iya tunani. Muna cikin haka iska ta taso daga kudu, irin wadda ke zuwa da yamma ba ta kawo ruwa. Na tsaya ina kallo kayan agajina suka tashi sama. Wasu suka maƙale a ƙaya, wasu suka bi gonaki, amma mafi yawansu tur'a suka faɗa, don tana nan kusa. Suka yi ta yawo a kan ruwa kamar agwagi, sannan suka jiƙe suka nutse.

Baba ya iso daga gona. Ya dubi dilar, ya dubi goshina.

"Kai ne?"

"Filayar ce, Baba. Ni riƙe ta kawai na yi."

Na shirya wa mari, har na karkata kumatun da na fi so a mara. Bai ɗaga hannu ba. Ya juya yana kallon tur'a, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in je in mayar wa mutum filayarsa.

Bayan magariba muna shan shayi a tsakar gida, Kawuna, ƙanen Inna, wanda ya yi shekaru yana dako a tashar jirgin ruwa ta Port Sudan, ya ce ya san irin kayan nan. Ya ce a ƙasashen masu arziki kowane gida na ware robarsa daban, a zo a kwashe da sunan za a narke a sake yin wani abu da ita. To narkewar da tsada a can. Sai a matse a cusa a kwantena a tura inda aiki ke da araha kuma ba a yawan tambaya. Wanda ya karɓa a nan ya tsince masu kyau, kamar kwalaben ruwa, ya niƙa, a yi bokiti da kujera da takalmi irin nawa. Abin da ba ya narkuwa kuwa, ya zama nasa, ya san inda zai kai shi.

"To direban yaushe zai dawo?" in ji Inna.

Kawu ya kurɓi shayi. "Wa ya zaɓi dilolin da aka sauke?"

Na ce direban ne, da sanda, har da tono ta ƙasa.

"Halas, an gama," in ji Kawu. "Ku daina jira. Laka ta yi masa alheri."

Kaka ta ajiye kofinta. Tun ɗazu take juya wata kwalba mai ruwan hoda da ta tsinta.

"Tsaya, ɗan nan. Wagga shara jirgi ta hau?"

"Jirgi ta hau," in ji Kawu.

"Na ruwa? Ta ƙetare Bahar Maliya?"

"Ita da wasu tekunan ma."

"Ikon Allah. Kakana daga Sakkwato ya taso da ƙahwa, shi da jakinai, zai tai Makka. Nan guzuri ya ƙare mai, nan ya yi noma, nan anka rufe shi, bai ga ruwan nan ba. Ubana bai gani ba. Ni ga ni, haƙori ya ƙare. Amma kwalbar sabulu ta samu wanda ya biya mata kuɗin jirgi." Ta ɗaga kwalbar sama. "Sannu da hanya, Hajiya."

Aka yi dariya, har Baba ya murmusa. Ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini.

Cikin abin da na ɓoye a aljihu ranar akwai wasu kofunan zabadi, wato kindirmon kanti, iri ɗaya, an cusa wani cikin wani. Inji ya lotsa su amma ba su rabu ba. A jikinsu hoton saniya ne a kan wani tudu kore shar, irin koren da ko a tsakiyar damina ba ma samu. Da na ɓamɓare su na ga cikinsu tas, ba ko ɗigon nono. Wani ya wanke su. Ya tsaya a gaban famfo, ya ɗauraye kofin da zai yar, ya jera su don kada su ci wuri. Na yi ta ƙoƙarin ganin mutumin. Wani lokaci tsohuwa ce kamar Kaka, wani lokaci yaro ne kamata wanda uwarsa ke yi wa faɗa in bai wanke ba. Ko wane ne, ba mugu ba ne. Mugu ba ya wanke shara. Yana can yana ganin ya yi abin kirki, kuma ya yi ɗin, sai dai ba wanda ya gaya masa inda kirkin nasa ya sauka.

Kuma ba zan ce mu tsarkaka ba ne. Tun kafin lorin nan itatuwan ƙayar bayan gari suke fure da baƙar leda, kuma hannunmu ne ya sake ta. Ni kaina na sha yar da ledar ƙanƙara a tur'a. Bambancin dai, tamu mun san daɗin abin da ke cikinta.

Layinmu na ruwa ya zo. Gafir ya iso a kan jakinsa da sassafe ya buɗe bakin masura, muna tsaye a ɗaya gefen muna jiran ruwa ya fito da rurinsa kamar kullum. Sai ga wani siririn abu yana tsiyaya, akuya ma in ta natsu ta fi shi. Ledar da ta nutse duk ta bi jan ruwa ta shige bututu, ta haɗu da laka da ciyawa ta zama toshi.

"Mai Agaji," in ji wani maƙwabcin gonarmu, "ga agajinka ya iso."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Aka kawo doguwar gora aka zura ana sukuwa. Hakan ƙara danna toshin ciki ya yi. Ɗan ruwan da ke fita kuwa, na farkon layi suka tare, kuma ba za ka ga laifinsu ba, su ma shukarsu ke kallonsu. Rana ta farko ta wuce haka, ta biyu ma. A wutsiyar layi ƙasarmu ta tsage har ƙafata na shiga. Ganyen gyaɗa da rana sai ya naɗe kamar mai jin kunya, da yamma ya ɗan buɗe, washegari ya naɗe da wuri fiye da jiya.

Baba ya roƙi gafir ya ƙara mana kwana.

"Ya hajj, da nawa ne da na ba ka," in ji gafir. "Layin gaba dawarsu ta fitar da kai. In na hana su, gobe su ne a nan da sanduna. Ku buɗe masurarku, ni ruwa na kawo."

Ranar da ta rage mana ta ƙarshe, bayan sallar asuba, Baba ya tuɓe jallabiyarsa ya ninke ta a kan gaɓa, ya shiga tur'a. Ban taɓa ganinsa a cikin ruwan nan ba. Shi ne mai dukanmu in mun shiga wanka, saboda tsargiya. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ya ja numfashi ya nutse, ya ɗago da leda cike da hannu, ya wurga gaɓa, ya sake nutsewa. Mutum mai furfura a gemu, yana ta nitso yana fito da hoton kare mai dariya. Da ya mare ni ranar farko da abin ya fi mini sauƙi.

Hannunsa iya gwiwa yake shiga bututun, toshin kuwa yana can ciki. Na ruga wurin dilar da na fasa, na ɗauko wayar da na yanke, na lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, na ɗaura a kan gora. Na faɗa ruwan ban tambaya ba.

"Wa ya ce ka shigo?"

"Ba kowa."

"Fita."

"Hannuna ya fi naka siranta, Baba. Kafaɗata ma na shiga."

Ya dube ni, ruwa na zuba daga gemunsa. "In ka sake ka maƙale, uwarka za ta kashe ni, sannan in zo in kashe ka."

"To riƙe ƙafata."

Haka muka yi. Ya riƙe ni ta idon sawu, in nutse in zura gora in murɗa, in ja, in ya ji na harba ƙafa ya fizgo ni. A cikin ruwan ba a ganin komai, ja ne kamar shayi da madara, wadda ita ce kaɗai madarar da na samu a duk wannan harka. Maƙwabta biyu suka shigo suna karɓar abin da muka ciro, wasu suna zungura ta ɗaya bakin. Tsibin da ya taru a gaɓa, in na ce ya kai tsayin raƙumi za ku ce na fara, to ya kai ƙuguna. Kaka ta sa aka kawo ta a kan jaki ta zauna a inuwa tana ba da umarni.

"Ku ja shi da kyau, shi ɗai gare ni! Ko banza ne, mijina ne!"

Rana ta take, ta karkata. Idona ya yi ja, yatsuna suka yi yaushi. Wajen la'asar ƙugiyar ta kama wani abu mai nauyi. Na ja bai zo ba, na harba ƙafa, Baba ya fizge ni da gorar gaba ɗaya. Wata doguwar leda ce mai kauri, ta nannaɗe kwalabe da ciyawa ta zama kamar gawar tunkiya. Tana fita na ji ruwa ya ja ni baya zuwa bakin bututu, Baba ya rungumo ni. A ɗaya gefen aka ɗau kabbara.

Ban tsaya sa riga ba. Na bi ruwan da gudu a gefen abu ishirin, ina gabansa, ina kwashe masa ciyawa da leda a hanya, ina yi masa magana kamar jaki. Na farkon layi, Allah ya saka musu, suka toshe bakin gonakinsu suka bar shi ya wuce. Duk da haka ƙasar rafin ta bushe, sai da kowace tsaga ta sha ta ƙoshi kafin ya matsa gaba. Rana ta yi ja lokacin da ya shiga hawasharmu. Baba ya iso da fartanya yana buɗe masa kunya ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa na sha tana ƙara, tsss, kamar an zuba ruwa a tukunyar da ta ƙone.

Gafir ya kamata ya rufe da faɗuwar rana. Ya yi alwala a hankali, ya yi magariba a kan gaɓa, ya yi nafila, ya ja carbi mai tsawon da ban taɓa ganin ya ja ba. Daga nan ya tashi ya rufe.

Ruwan ya shayar da sashen sama na gonar, ya ɗan wuce rabi. Sashen ƙasa bai samu ba. Muka tsaya ni da Baba a daidai inda laima ta ƙare, ƙafa ɗaya a jiƙe ɗaya a bushe. Na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce ba ni na ɗora ta a jirgi ba. Sannan ya ƙara da cewa amma ni na yanke wayar, kada in manta da wannan ma.

Kafin layinmu ya sake zagayowa gyaɗar ƙasa ta gama yanke shawara. Da aka tuge, ta sama ta yi nauyi. Ta ƙasa kwasfa ce kawai, in ka matsa ta fashe ba komai a ciki, sai harawar muka ba awaki. Mai gona ya zo daga Madani ya ɗauki rabinsa na abin da aka samu, ya yi mana jaje, ya tafi. Da rani Baba, wanda ya yi shekaru bai fita cin rani ba, ya bi motar masu yankan dawa zuwa wajen Damazin, bai dawo ba sai dab da azumi. Ni kuma na sha maganin tsargiya mai ɗacin da har yanzu in na tuna sai na tofar da yawu.

Direban bai dawo ba. Sauran diloli ukun suka zauna a gefen tur'a, rana na cin buhunsu, wayarsu ta fara tsatsa. Aka gwada ƙona ragowar wadda na fasa, hayaƙin ya shiga gari, baƙi mai maiƙo, Kaka ta yi kwanaki tana tari, aka ce kada a sake. Binnewa kuma ba wanda ya yarda a yi a gonarsa. Daga ƙarshe dattawa suka ce a ƙara ɗaure su da igiya a shafe su da laka da kashin shanu, yadda muke yaɓe katangar gida kafin damina, don kada waya ta tsinke iska ta samu abin ɗauka. Ba a yi wata doguwar shawara a kan wanda zai yi aikin ba.

Suna nan har yanzu. Baƙo in ya hango su ya ɗauka rumbuna ne. Kwalbar ruwan hoda tana wurin Kaka, da ita take zuba wa kaji ruwa, kuma har yau Hajiya take kiranta. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa ina kwaɓa laka in je in yi musu sabon yaɓe. Bana na tarar ta tsakiyar ta tsage ta gefe ɗaya, na cike tsagar, na ƙara mata igiya.